Mako Biyar A Sararin Sama: Littafin Da Ya Kamata Uwa Ta Karanta Tare Da 'Ya'yanta

In yaronki ya shigo da littafin Turawa daga makaranta, kina tambayarsa abin da ke ciki, ko ganinsa da takarda kawai ya ishe ki?

Ga misali. A 1863 wani Bafaranshe, Jules Verne, ya fitar da littafin da a Turance ake kira Five Weeks in a Balloon, wato mako biyar cikin balan-balan. Bai yi sunan littafinsa na zagaya duniya cikin kwana 80 ba, amma ya fi shafarmu.

Labarin Turawan Ingila ne su uku, Dakta Fergusson da abokinsa Kennedy da baransa Joe. Sun tashi daga Zanzibar cikin ƙaton balan-balan mai ɗaukar mutane, suka keta Afirka har kogin Senegal. A saman Tafkin Chadi tsuntsaye suka yaga balan-balan ɗin, Joe ya faɗa ruwa don nauyi ya ragu, abokan tafiyarsa su tsira. Nan akwai darasin amana da sadaukarwa.

Sai dai a yi hattara. Marubucin bai taɓa taka ƙasarmu ba, rahotannin matafiya ya karanta, kuma a wurare da dama ya siffanta baƙar fata tamkar dabbobin daji. Yaron da ya haɗiye wannan shi kaɗai yana iya tasowa yana raina kakanninsa.

Amsar kuwa tana nan cikin birni. Ɗaya daga matafiyan da Verne ya ambata shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya shigo Kano a 1851, ya tarar da gari cikin ganuwa, da masaƙa da marina, ga tufafin Kano ana kai su har Tambutu. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000.

Don haka kada ki ƙwace littafin, 'yar'uwa. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma, yaro ya karanta babi guda, ya mayar miki da Hausa. In an zo inda aka ci mutuncinmu, ki tambaye shi, "Shi mai labarin ya gani da idonsa?" Ranar Asabar kuma babansu ya kai su marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama. Gani ya kori ji.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.