Ingancin Manhaja A Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

A watan Oktoba na shekarar 2024, shugaban kamfanin Google, Sundar Pichai, ya bayyana cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na sabbin umarnin kwamfuta da ake rubutawa a kamfanin, ƙirƙirarriyar basira ce ke samar da su, sa'an nan injiniyoyi su duba su amince. Rubuta manhaja ya yi sauri kuma ya yi araha ke nan. Sai dai nauyin tantancewa ƙaruwa ya yi, domin na'urar kan fitar da umarni mai kyau a ido alhali kuskure na ɓoye a ciki.

Asarar da kuskure guda ke jawowa ba ƙarama ba ce. A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda tangarɗa wajen ɗora sabuwar manhaja. Haka kuma a ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara da kamfanin CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa a lokaci guda ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta, lamarin da ya tsayar da jiragen sama da ayyukan bankuna da asibitoci. Ba ƙirƙirarriyar basira ce ta haddasa waɗannan ba, amma yawan umarnin da take fitarwa na ƙara ƙofofin irin wannan kuskure.

Injiniyoyi sun dogara ne ga matakai huɗu. Na farko, wani ƙwararre dabam ya karanta duk abin da aka rubuta kafin a amince da shi. Na biyu, a tanadi gwaje-gwajen da kwamfuta ke maimaitawa da kanta duk sa'ad da aka yi canji. Na uku, a fara sakin sabon gyara ga mutane kaɗan kafin a kai ga kowa. Na huɗu, a ajiye tsohon tsari domin a koma masa nan take idan aka sami matsala.

A nan Nijeriya, 'yan kasuwa sun ɗanɗana kuɗarsu a farkon shekarar 2023, lokacin da ƙarancin takardun Naira ya tilasta wa jama'a tura kuɗi ta waya, hanyoyin bankuna suka riƙa cushewa. Don haka duk mai shirin sayen manhajar lissafi ko ta karɓar kuɗi, ya kamata ya tambayi mai sayarwa wane ne ke duba aikin na'ura, yaya ake gwada shi, kuma wa zai ɗauki asara idan ya gaza. A rubuta amsoshin cikin yarjejeniya kafin a biya ko kwabo.