Takardar MOT ta ƙare? Karanta kafin ka tada mota a Ingila

Kai da ka je karatu Ingila ka sayi mota ta hannu, ka kula. Motar da ta shekara 3 sai an duba lafiyarta duk shekara, gwajin da ake kira MOT. In takardar ta ƙare, doka ta yarda ka tuƙa ta zuwa garejin gwajin, amma fa sai sun riga sun ba ka rana da lokaci. Ba biyawa kanti, ba sauke aboki. Inshora kuwa dole ce. Kyamarorin 'yan sanda na karanta lambar mota, tarar kuma tana kaiwa fam 1,000. In motar na da haɗari, tana kaiwa 2,500. Ajiye saƙon garejin a wayarka, shi ne hujjarka.