Hunturu Da Kofin Shayi: Ina Zafin Yake Tafiya?

Duk wanda ya yi sammako a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan a watan Janairu, ya san cewa kafin mai shayi ya gama yanka burodi, shayin da ya zuba ya fara hucewa. Manomin rake da ke ɗaukar kununsa zuwa fadama da ma'aikacin da ke tafiya ofis duk kukansu ɗaya ne.

Zafi yana da ƙofofi huɗu na fita. Yakan ratsa jikin mazubi, shi ya sa kofin ƙarfe ke ƙona hannu alhali ƙwarya ba ta yi. Iska takan kwashe shi, domin wadda ta ɗumama tana tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Yakan fita kamar yadda ɗumin garwashi ke isa ga mai jin wuta. Ta huɗu kuwa ita ce tururi.

Tururin nan shi ne babban ɓarawo a lokacin hunturu, saboda busasshiyar iska tana hanzarta tashinsa. Giram ɗaya na ruwa idan ya tashi, yakan tafi da zafin da zai rage wa rabin lita kimanin digiri ɗaya. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Tun a 1701 Isaac Newton ya nuna cewa gwargwadon yadda abu ya fi wurin da yake zafi, gwargwadon saurin hucewarsa.

Mai koko da ke rufe tukunyarta da faifai ta naɗe ta da buhu da tsumma tana kan hanya, domin iskar da ta maƙale cikin tsumma ba ta miƙa zafi da sauri. Fulas kuwa, wanda James Dewar ya ƙirƙiro a Ingila a 1892, bango biyu gare shi da aka zuƙe iskar tsakaninsu, aka shafe su da azurfa mai mayar da ɗumi ciki. Don ya yi aiki sosai, a ɗauraye shi da ruwan zafi tukuna, a cika shi fal, a kuma sauya murfin da ya saki.

Maganar ba ta daɗin baki kaɗai ba ce. Kunu ko shayi mai madara da ya sauka ƙasa da digiri 60 ya daɗe a haka, ƙwayoyin cuta na iya yaɗuwa cikinsa. Haka nan a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan abin da ya wuce digiri 65 na iya jawo dajin maƙoshi. Saboda haka a adana shi da zafinsa, amma in an zuba a kofi, a ɗan saurara kafin a kurɓa.