Zancen Yanka Lada Kafin A Kama Aiki



Ya ku malamai da attajirai da sauran masu karanta wannan shafi, zancenmu na yau a kan wani ciniki ne wanda mutanenmu su ke jin nauyinsa ƙwarai, watau cinikin ladan aiki. Abin mamaki ne ka ga Bakatsine wanda in zai sayi turmin atamfa sai ya jujjuya shi, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, ya yi kamar zai tafi, har a sallama masa, amma ran da ya je neman aiki aka tambaye shi nawa ya ke so a biya shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da aka ba ni, Allah ya sa albarka." Shi kuma mai ɗaukar aiki ya ce, "Kada ka damu, ba za mu ɓata ba." To, daga nan ne fa a kan ɓata.

Wanda ya san Ƙofar Kaura, wadda ta ci sunan sarautar shugaban mayaƙan Katsina, ya san yadda wurin ya sake kama, balle tun da aka buɗe gadar ƙasa a Janairun 2023. Ga kantuna, ga ofisoshi, ga makarantun kuɗi da na Islamiyya, kullum kuwa samari na ratsa wurin da takardunsu a hammata. A nan ne wani almajirina, wanda ya sauke Alƙur'ani kuma ya yi karatun boko gwargwado, ya sami aikin koyarwa a wata makaranta. Ya zo mini da murna, na ce nawa aka yanka maka? Ya ce, "Allah gafarta malam, ai na ji kunyar tambaya." Wata ya ƙare, aka ba shi abin da bai kai rabin zatonsa ba. Da aka yi hutu kuma aka ce ai ba a biyan watan da ba a yi karatu ba. Ya dawo yana cewa an zalunce shi. Na ce masa ban san abin da zan kira shi ba, gama ba a yi masa alkawarin da aka saɓa ba. Cinikin biri a sama ya yi.

Malamai sun sani kunyar nan ba ta da asali a littattafanmu. A babin ijara, Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu duk sun shar'anta a san lada, a kuma san aikin ko wa'adinsa, kamar yadda a ke sanin kuɗi da haja a wurin saye da sayarwa. In aka bar lada a duhu ijara ta ɓaci, kuma in an riga an yi aikin, alƙali zai koma ga ladan da a ke ba irin wannan ma'aikaci a garin, wanda yana iya zama ƙasa da abin da mutum zai samu da ya buɗe baki tun farko. Mazhabarmu ta Malikiyya ta kuma halatta malami ya yi sharaɗin lada a kan koyar da Alƙur'ani, ko bisa wata, ko bisa yaro ya kai wani matsayi na hadda. Ku tuna kuma da ƙissar Annabi Musa a Madyana cikin Suratul Ƙasasi: an ambaci shekara takwas, aka bar cikon goma ga zaɓinsa, shi kuma ya nanata sharaɗin da bakinsa kafin ya kama kiwo. In annabi bai ga aibu ga tantance wa'adi da surukinsa ba, ina dalilin ɗan makaranta ya ji kunyar mai kanti?

Dokar ƙasa ita ma ta yi magana, sai dai a san iyakarta. A Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, bayan ya kasance 30,000 tun 2019, da 18,000 tun 2011. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin kamasho ko na jinga ba. Yawancin kantuna da ƙananan makarantu suna cikin waɗanda ta tsallake, sabo da haka mai neman aiki a irin wuraren nan ba shi da garkuwa sai abin da ya yanka da bakinsa. Dokar ƙwadago kuma, wadda ta fi shafar leburori da akawuna da makamantansu, ta wajabta a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ta ba shi hutun kwana shida na aiki aƙalla, da albashinsa, in ya cika shekara, da kwana goma sha biyu na jinya a shekara in likita ya shaida. Aikin gwamnati shi kam matakai gare shi, mai NCE kan fara daga mataki na 7, mai digiri daga na 8. Abin lura a can shi ne kada a ɗora ka ƙasa da inda takardunka suka kai.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin asara. Sai a faɗa wa mutum adadi mai daɗin ji, ya manta cewa adadi dabam, abin da zai shiga aljihu dabam. Dattawan da suka ga ƙarin albashin Udoji na 1974 suna ba da labarin yadda kasuwa ta tashi ta tarye shi tun bai huce ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya zama rabin zancen albashi. Mu ɗauka mutum yana biyan naira 500 zuwa, 500 dawowa, kwana 22 a wata: naira 22,000 ke nan sun tafi tun bai sayi kwanon gero ba. Aikin naira 80,000 a nesa, ashe, bai kai na 65,000 a bakin unguwa ba. Sabo da haka a tambaya: adadin nan kafin a cire haraji ne ko bayan an cire? Akwai abincin rana? Akwai wurin kwana? In ciwo ya zo wa zai biya magani? Malamin makaranta ya tambayi watannin hutu da na azumi, ya tambaya ko 'ya'yansa za su yi karatu da rangwame, gama mai makaranta ya fi saurin yarda da wannan bisa ga ƙarin tsabar kuɗi. A manyan kamfanoni masu ma'aikata 15 ko fiye, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa. Wanda aka cire wa kashi 8 ɗin ya bincika ya ga lalle suna isa asusun.

Yadda a ke cinikin kuwa, ba sai an koya wa ɗan kasuwa ba. Ba ka taya haja sai ka zaga ka ji farashi, haka nan ka tambayi mutum biyu ko uku masu irin aikin nawa su ke karɓa. Kada ka fara zancen kuɗi sai an nuna ana son ka, sa'an nan ka faɗi abin da ka iya ba tare da ƙari ba, ka bar shi ya fara tayawa in ya yiwu. In tayin ya yi ƙasa, ka ce albarka cikin ladabi, ka ambaci naka da dalilinsa. Kada ka kafa hujja da yawan iyalinka ko bashin da ke kanka, wannan roƙo ne, kuma mai roƙo abin da aka ga dama a ke ba shi. Kada kuma ka ƙirƙiro cewa wani wuri ya taya ka alhali ba a yi ba. Ban da zunubin ƙarya, Katsina ba ta da girman da irin wannan zai ɓuya. In ya ce ba hali yanzu, ku yanka watan da za a sake duba lamarin, a rubuta. Wanda nauyin baki ya hana shi, ya tafi da wani babba ya yi masa magana, kamar yadda a ke tura wakili neman aure.

Saura kalma guda ga attajirai, don su ne masu ɗauka. Al'adar nan ta riƙe yaron shago shekara da shekaru bisa cewa wata rana za a sallame shi da jari, ba a faɗi shekara nawa ba, ba a faɗi jarin nawa ba, ta raba zumunci a gidaje da yawa, musamman in maigida ya rasu magada suka ce ba su san zancen ba. In lada ne, a faɗi adadinsa da wa'adinsa. In kuwa ƙiradi ne, watau ka ba shi dukiya ya juya, to, rabonsa sai ya zama sananne daga riba, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba wani adadi yankakke ba. Kowanne aka zaɓa, a rubuta shi ko da ajami ne a warƙa guda, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa.