IMAX: Kyamarar da ke cinye zare cikin minti uku

Duk mai bin finafinan Amurka ya sha ganin kalmar IMAX a jikin fasta. Da yawa daga cikin 'yan kallo sun ɗauka sunan gidan silima ne mai ƙaton bango. To, ba nan zancen ya tsaya ba. Akwai wata kyamara a bayan wannan suna, wadda masu ɗaukar hoto ke so kamar rai, suna kuma kuka da ita.

A Kanada aka kafa kamfanin cikin 1967, kuma wani ɗan ƙasar Nowe, Jan Jacobsen, shi ya ƙera masu kyamarar farko. Fim ɗinsu na farko, Tiger Child, an nuna shi a bikin baje kolin Osaka ta Japan a 1970.

Sirrin duk yana ga zaren fim, wato irin faskeken zaren nan na majigi mai huji-huji a gefe. Zaren silima na yau da kullum faɗinsa milimita 35 ne, daga sama yake gangarowa ƙasa, kowane hoto na cin huji huɗu. Na IMAX kuwa milimita 65 ne, kuma a kwance yake gudu, kowane hoto na cin huji 15. Sai hoto ɗaya ya ninka na 35 wajen sau tara. Shi ya sa ko an haska shi a bango mai tsawon bene, za ka iya ƙirga gashin girar jarumi.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Dole hoto 24 su wuce a daƙiƙa ɗaya. Kowanne sai an fizgo shi, an tsayar da shi cak, ya sha haske, sannan a fizgo na bayansa. Kyamarar 35 na jan ƙafa 90 na zare a minti. Ta IMAX na jan sama da ƙafa 330. Akwatin zarenta ƙafa 1,000 yake ɗauka, ka ga ke nan minti uku kacal ya ƙare, sai a tsaya a sake lodi. Ka ƙaddara jaruma ta shiga shauƙi, hawaye ya fara zuba, sai a ce zare ya ƙare!

Sannan zare mai wannan faɗi yakan lanƙwashe, in kuwa ya lanƙwashe ko da kaurin gashi ne, hoto ya yi dishi-dishi. Maƙeran sai suka sa ƙananan ƙusoshi masu shiga hujin su riƙe zaren, suka ƙara da injin zuƙar iska mai manne shi a jikin faranti, ya kwanta sumul kafin haske ya shigo. Haɗa ƙarar mota da ƙusoshi da injin iska, me ka samu? Keken ɗinki a kusa da kunnen jarumi. Saboda haka shekara da shekaru ana barin kyamarar ga finafinan namun daji da sararin samaniya, inda ba a buƙatar jin raɗa.

Darakta Christopher Nolan ne ya yi ƙarfin halin jawo ta cikin babban fim na labari. A The Dark Knight na 2008 ya ɗauki kusan rabin awa da ita, har ɗaya ta rugurguje a wajen ɗaukar tseren motoci, alhali 'yan ƙalilan ne a duniya. Dama ba sayar da su ake ba, haya kamfanin ke bayarwa. A Dunkirk na 2017 mai ɗaukar hotonsa, Hoyte van Hoytema, a kafaɗa ya riƙa saɓa ta. Wallahi wannan bawan Allah ya cancanci jinjina. Wuraren hira da yawa kuwa sai su koma ga wata kyamarar mai ƙarancin ƙara.

Da aka zo Oppenheimer na 2023, Nolan ya so baƙi-da-fari a wasu wurare, babu kuma irin wannan zaren a kasuwa. Sai da Kodak ya yi masa na musamman. Zaren da aka kai gidajen silima tsawonsa ya kai mil 11, nauyinsa wajen kilo 270. Van Hoytema ya ci kyautar Oscar da aikin a 2024.

Wani zai ce ina dijital? Tana nan. Kamfanin ARRI na Jamus ya fito da Alexa 65 a 2014, mai babban idon ɗaukar hoto, ba zare ba ƙara, kuma da irinta aka ɗauki Avengers: Infinity War na 2018. Ta fi sauƙin aiki nesa ba kusa ba, sai dai idon nata bai kai hoton zaren IMAX girma ba. A ganina shi ya sa manya ke komawa ga zaren duk da wahalarsa. Ryan Coogler ya yi amfani da shi a Sinners na 2025, inda Autumn Durald Arkapaw ta zama mace ta farko da ta ɗauki babban fim da wannan kyamara.

A 2025 ɗin dai Nolan ya ɗauki The Odyssey kacokan da zaren IMAX, abin da ba a taɓa yi wa babban fim na labari ba. Kafin hakan ta yiwu, sai da kamfanin ya ƙera sababbin kyamarori masu ƙarancin ƙara, aka kuma yi masu ƙaton akwati mai shanye sauti da ake rufe su a ciki in za a ɗauki hira.