Malami Abin Dariya: Wasan Kwaikwayon Makaranta a Japan da Ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a Gumel ko Maigatari ya san wasan tashen nan da ake kira Ka Yi Rawa. Idan azumi ya kai kwana goma, sai yaro ya liƙa gemun auduga, ya zumbula babbar riga, ya riƙe allo, 'yan'uwansa suna tuhumarsa da taka rawa, shi kuwa yana musu, alhali ƙafarsa ba ta daina motsi ba. A nan ne al'ada ta ba yaro izinin yi wa malami dariya, sau ɗaya a shekara. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba yadda wata al'umma mai girmama malami kamar tamu, wato Japan, ta mai da irin wannan dariya ta zama babban reshe na wasan kwaikwayon talabijin.

Wasannin nasu akan yi su ne kashi goma zuwa sha biyu, a nuna cikin wata uku, kuma da yawa daga littattafan labari na zane aka ɗauko su. Zubinsu kusan ɗaya ne: a kawo mutumin da sam bai dace da aji ba, a damƙa masa ɗaliban da kowa ya sallama. A GTO na 1998, Onizuka tsohon shugaban 'yan daba ne masu yawo a babura. A Gokusen, wanda tashar Nippon ta fara nunawa a 2002, malamar lissafi ce jikar wani uban 'yan ta'addar da suke kira yakuza, tana fama ta ɓoye asalinta, amma da an taɓa ɗalibinta sai hali ya fito. Rahar tana cikin wannan rashin dacewa. Sai dai fa ƙarƙashinta akwai magana mai nauyi: cin zalin da ɗalibai ke yi wa junansu, da hukumar makaranta wadda sunanta ya fi damunta a kan yaran, da kuma fargabar jarrabawa. Dragon Zakura na 2005 ma kacokan a kan wannan fargaba aka gina shi, inda wani lauya da ya tsiyace ya ɗau alkawarin shigar da daƙiƙan ɗalibai Jami'ar Tokyo.

A lura da bambanci. A tashe malamin ne ake kamawa da laifi, a can kuwa malamin da ake yi wa dariya shi ne mai gaskiya, masu kwat da lakataye su ne ke jin kunya a ƙarshe.

To, mu fa? Rubutaccen wasan Hausa a makaranta aka haife shi, domin wasanni shida da R. M. East ya fitar don 'yan makaranta aka tsara su. Amma da wasa ya koma rediyo da talabijin, sai ya bar aji a baya. Usman Baba Pategi ya kai mu bariki da Samanja, Kuliya ya kai mu kotu, saura kuma suka zauna a tsakar gida tsakanin kishiyoyi. A ganina, kunyar malami ce ta jawo haka, ba ƙarancin labari ba. Wanda ya yi makarantar kwana, ya zo daga Gagarawa ko Sule Tankarkar da akwatin ƙarfe da ƙullin garin kwaki, ya ɗebo wa siniya ruwa da asuba, ya sha horo don ya yi Hausa a cikin aji, ya san abin da ke jibge a wurin. Wannan horo na ƙarshe kaɗai, a ce malamin da ke karɓar tara shi ne Turancin ke suɓuce wa, ya isa kashi goma sha biyu.