Yadda Ake Tsare Tafki Daga Kainuwa Da Gansakuka

An rubuta wannan takarda domin hakimai da dagatai na ƙasar Karaye da Rogo, da malamansu, su karanta su bayyana wa talakawa. Ban da madatsar ruwa ta Challawa da aka gama a 1992, da ta Kusalla, akwai ƙananan tafkuna da kududdufai da yawa inda ake shayar da dabbobi, ana ban ruwan lambu, ana kiwon karfasa da tarwaɗa. Tafkin da aka ƙyale wa ciyawa kuwa ba ya daɗewa yana amfani.

1. Irin ciyayin

Kainuwa tana yawo a bisa ruwa, tana 'ya'ya ta gefe har ta rufe shi. Bado yana kafa saiwa cikin laka. Kacala tana tsayawa a baki, inda ba zurfi. Gansakuka ita ce ke mai da ruwa kore. Kaɗan daga cikinta abincin karfasa ne, yawanta ne ɓarna.

2. Abin da ke kawo su

Abin da ke ciyad da shuka a gona shi ke ciyad da su a tafki, watau kashin dabbobi, da takin zamani da ruwan sama ya wanko, da ƙasar da zaizaya ta kawo. Saboda haka maganin farko a bakin tafki yake.

3. Ɓarnarsu

Da dare ciyayin nan suna shanye iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa. In an ga kifaye sun taso da asuba suna buɗe baki, alama ke nan iskar ta yi ƙaranci. Wata irin gansakuka mai yin kumfa kore-kore tana da dafin da kan kashe dabba. Har wa yau cikin ciyawa ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, watau fitsarin jini, suke zama.

Ruwan Challawa yana gangarawa zuwa kogin Haɗeja, can kuwa an ga iyakar abin. Bayan gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa, ruwa ya daina ƙafewa da rani a hanyoyinsa, sai kacala ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru, ta toshe magudanai, ta ci gonaki, ta zama masaukin tsuntsu jan-baki.

4. Abin da ya kamata a yi

(a) A bar filin ciyawa kewaye da tafki ba noma, don ya tace ruwan gona.

(b) A keɓe mashaya ɗaya, kada a bar garke ya kutsa ko'ina.

(c) Da rani, in ruwa ya ja, a yashe laka a zurfafa baki ya kai ƙafa 3, gama ciyawa ba ta saurin kafuwa a zurfi.

(d) A kwashe kainuwa da manjagara mai dogon ƙota tun tana kaɗan. A jibge ta nesa da ruwa ta ruɓe, sa'an nan a kai gona.

(e) A yanke kacala a ƙarƙashin ruwa tun ba ta yi kai ba, in ta toho a sake. Ganyen da ke waje shi ke kai wa saiwa iska.

(f) Mai kiwon kifi ya tsoma hannu. In tafin ya ɓace tun ruwa bai kusa gwiwar hannu ba, ya tsai da taki, ya rage abinci, ya ƙara sabon ruwa.

5. Gargaɗi

Kada kowa ya zuba maganin ciyawar gona a tafki. Ko da bai yi wa mutum da dabba lahani ba, ciyawar da ta mutu gaba ɗaya za ta ruɓe ta ƙarar da iskar ruwa, kifi ya mutu. In ciyawa ta nutse da yawa, a nemi shawarar malamin gona. Masu aiki su sa dogayen takalman roba, a hana yara shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani.

Lalle ne kowane hakimi ya sa dagatai su kira gayya sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma gabanin damina. Malamin hakimi ya rubuta sunan kowane tafki cikin littafi, da ranar da aka share shi, domin a san wanda aka manta.